Wai akwai binciken hutun bazara da ake biya ga masu karatun labarin ƙasa a Amurka?

Ɗan_Taswira:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Ina aji biyu a fannin labarin ƙasa a wata jami'a a nan Amurka, da bizar ɗalibi ta F-1 nake zaune, kuma ɓangaren da ya fi ja na shi ne nazarin ƙasa ta hotunan tauraron ɗan'adam, rimot sensin ɗin nan dai. Na yi kwas ɗaya na GIS, wato haɗa taswira da nazarin bayanan wurare a kwamfuta, na ɗan taɓa manhajojin QGIS da ArcGIS, Python kuwa gaskiya ban wuce buɗe fayil da zana jadawali ba.

Wani ɗan ajinmu ne yake ba ni labari wai ya yi wani shirin bincike na ɗaliban digirin farko da ake kira REU a hutun da ya wuce, sati goma, an ba shi ɗaki an biya masa kuɗin jirgi ga alawus a kai, ya dawo da fosta har ya je babban taro da ita. To tun lokacin abin ya tsaya min a rai, don ni dai bana son hutun nan mai zuwa ya sake ƙarewa ina wanke tire a ɗakin cin abinci na makaranta, ba wai raina aikin nake ba, amma ba ya ƙara min komai a CV.

Abin da nake son sani, ana ɗaukar irinmu masu biza kuwa? Nawa ake biya, kuma yana isar mutum? Sannan me suke dubawa, maki ne kawai ko sai ka iya rubuta kod sosai? Yanzu muna Nuwamba, ko har na makara ne? Nagode.

Habu_Geo:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba ka makara ba, yanzu ne ma daidai lokacin, amma bari in fara maka da mai ɗacin tukuna. REU kuɗin gwamnatin tarayya ne, hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya ce ke bayarwa tun 1987, kuma sharaɗinta shi ne wanda za a biya da kuɗin sai ɗan ƙasa ko mai girin kad. Ba jami'ar da ke karɓar ɗalibai ce ta ƙirƙiro dokar ba, saboda haka ko ka tura wa mai kula da shirin imel mai daɗi kamar me ba abin da zai iya yi maka. Wani lokaci akan samu wurin da ke da wani ɗan kuɗi daban su ɗauki mutum ɗaya mai biza, amma kar ka ɗora hutunka a kan wannan. Tallafin karatu na Hollings na NOAA, hukumar teku da yanayi, shi ma sai ɗan ƙasa. Ina faɗa maka ne tun yanzu don na ga yara da yawa sun ƙone Disamba da Janairu suna rubuta takardun neman REU, sai a shafin ƙarshe su ci karo da tambayar ɗan ƙasa ne kai ko a'a.

To ina mafita? Tana cikin sashenku, hawa ɗaya ko biyu sama da ajin da kake zama. Malaman da ke da tallafin bincike suna ɗaukar ɗalibai aiki a biya su da awa, kuma jami'o'i da yawa suna da nasu shirin binciken hutu da kuɗin makaranta, wanda ba ruwansa da fasfo ɗinka. Dokar F-1 ta yarda ka yi aiki a cikin makaranta awa 20 a sati lokacin karatu, a hutu kuma cikakken lokaci, ba sai ka nemi wani izini na musamman ba. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne waɗannan guraben sau da yawa ba a ma tallata su, malami yana da hotunan shekara ashirin da ke jiran wanda zai tsabtace su, yana da gonaki ɗari biyar da ke buƙatar a zana iyakarsu da hannu, ɗalibansa na digirin digirgir kowa ya yi nisa a nasa, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya nuna zai iya shi za a ba. Ni ta haka na shiga, kuma a lab ɗinmu yanzu ta haka muke ɗauka.

A waje kuma akwai ƙofofi kaɗan da ba a rufe muku ba. NASA DEVELOP, wanda aka fara a cibiyar Langley a 1998, sati goma ne, ana haɗa ku ƙaramar tawaga ku yi wa wata hukuma ko ƙungiya aiki da bayanan tauraron NASA, kuma ya sha ɗaukar 'yan ƙasashen waje da ke karatu a jami'o'in Amurka, ka dai duba ko har yanzu ana yinsa, ka kuma karanta sanarwar zangon da kake nema da kyau. Shirin binciken hutu na SURF na jami'ar Caltech yana karɓar ɗaliban wasu makarantu har da masu biza, sai dai shi kai ne za ka nemo malamin da zai riƙe ka, ku rubuta tsarin binciken tare, ana rufewa a Fabrairu. Sai RISE na hukumar DAAD ta Jamus, wannan ka yi maza ka duba yau ɗin nan domin a tsakiyar Oktoba yake buɗewa kuma kafin shekara ta ƙare an rufe. Ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayalan yake ɗauka, za a haɗa ka da ɗalibin digirin digirgir a Jamus ka taya shi aiki, da Turanci ake yi, kuma akwai kimiyyar ƙasa a ciki. Sai ka gama shekara biyu kafin lokacin tafiya, kai kuma za ka cika wannan kafin bazara.

Maganar maki, indai kana sama da 3.0 cikin 4.0 to ka wuce shingen farko a yawancin wurare, daga nan abin da ka taɓa yi da hannunka da abin da malami ya rubuta a kanka su ne ke magana.

Zainabu_S:

Yaya Habu ya gama magana a kan wa ake ɗauka. Ni ina da girin kad shi ya sa na samu na yi REU, bari in faɗi yadda cikinsa yake saboda masu karantawa da suka cancanta, kuma kai ma Ɗan_Taswira aikin iri ɗaya ne ko a lab ɗin malaminku ka yi shi.

Kuɗi dai wajen dala 600 zuwa 700 ne a sati, sati takwas zuwa goma, daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa farkon Agusta. Yawanci ɗaki kyauta ne, kuma ana taimakawa da kuɗin tafiya, abinci ne wani wuri a ba ka wani wuri kai da aljihunka. Idan ba ka biyan haya a wani wurin to za ka dawo da ɗan abu a hannu, idan kuwa ka bar ɗakin da kake biya wata uku ba kowa a ciki to nan kuɗin zai tafi, don haka ka nemi wanda zai karɓi ɗakin tun da wuri. Kowane wuri ɗalibai wajen goma yake ɗauka, masu nema kuma ba a magana, shi ya sa ba a neman wuri ɗaya a zauna jira. Yawanci a Fabrairu zuwa farkon Maris ake rufewa, wasu ta shafin ETAP na NSF ake cikewa wasu ta shafin jami'ar. Abu biyu da ba kowa ya sani ba, dole ya zama ba ka gama digiri ba lokacin shirin, sannan NSF na son aƙalla rabin ɗaliban su fito daga makarantun da ba su da damar bincike sosai, har da kwalejojin shekara biyu, to wanda ke ƙaramar makaranta kar ya raina kansa, shi ake nema ma. A 2025 wasu wuraren sun soke nasu saboda rashin tabbas ɗin kuɗi daga gwamnati, to ka tabbata wurin na nan kafin ka ɓata dare kana rubutu.

Aikin kansa kuwa, hmm. Wanda ya zo da tunanin zai zauna yana kallon hotunan duniya masu kyau daga sama zai sha mamaki. Tawagarmu zafin gari muka yi, wato wace unguwa ta fi wace zafi kuma me ya sa. Satin farko zuwa na uku ba abin da muka yi sai faɗa da gajimare. Tauraron Landsat 8 sau ɗaya yake bi ta kan wuri a kwana 16, da Landsat 9 da aka harba a 2021 suka zama duk kwana 8, to ka lissafa hotuna nawa ke cikin bazara ɗaya, rabinsu kuma gajimare ya rufe tsakiyar garin da kake so, ko inuwar gajimaren ta faɗo ta sa unguwa ta fito kamar mai sanyi alhali ba haka ba ne. Akwai wani shafi da ke zuwa tare da kowane hoto mai nuna wane fiksel, wato ɗigon hoto, ne gajimare wane ne inuwa, sai ka koyi karanta shi kafin ka taɓa komai. Sannan ma'aunin zafin na Landsat 8, zango na 10 cikin zangunan haske da tauraron ke ɗauka daban daban, a mita 100 yake ɗauka, ana dai sake jera shi ne ya zama 30 don ya hau kan sauran, to kar ka ga ƙananan fiksel ka ɗauka kana ganin zafin kowane gida.

Abin da ya fi buɗe min ido shi ne ranar da muka ɗaura na'urar auna zafin iska a jikin mota muka zaga gari da asuba da kuma da yamma. Tauraron yana wucewa ne da hantsi, wajen ƙarfe goma da wani abu, kuma abin da yake aunawa zafin saman abu ne, rufin kwano, kwalta, filin ajiye motoci, ba iskar da mutum ke shaƙa ba. Filin ajiye motocin wani babban kanti ya fito ja wur a taswirarmu, amma da asuba unguwar da ta fi riƙe zafi ita ce mai dogayen gidajen bulo a matse, ba bishiya, wadda a hoton ba ta wani fito sosai ba. Mai kula da mu ta sa muka zauna yini guda muna gardama a kan wanne ne ya fi shafar tsohon da ke kwana a ɗaki ba na'urar sanyaya ɗaki. Wannan gardamar ce ta zama rabin fostar da na kai taron AGU, babban taron masana kimiyyar ƙasa, a Disamba.

Kod kuma kar ya tsorata ka, rabin tawagarmu a can suka fara ganin Google Earth Engine, dandalin da ake nazarin hotunan tauraro da kod. Amma wanda ya zo da ɗan abin hannunsa ya fi jin daɗi nesa ba kusa ba, don sati goma gudu yake.

Malam_Iro:

Ni dai ina da ɗan bambancin ra'ayi da ku. Kowa bincike bincike, to idan yaron nan ba digiri na biyu zai yi ba fa? Na yi shekaru ina aikin GIS a ofishin tsara gari, kuma duk bazara muna ɗaukar ɗalibai, haka kamfanonin ruwa da wuta da masu safiyo da masu harkar gona. A nan za ka koyi abin da mai ɗaukar aiki ke tambaya, rumbun bayanai, SQL, gyaran iyakar filaye, hotunan jirgi na NAIP da ake ganin mota ɗaya ɗaya a ciki, da yadda ake yi wa shugaban da bai taɓa jin kalmar fiksel ba bayani a minti biyu. Wallahi na ga masu fosta uku da ba su iya haɗa tebur biyu ba tare da sun rikita lambobin filaye ba. Kuma wani lokacin biyan ma ya fi na bincike.

Ba cewa nake binciken ba shi da amfani ba, in burinka ka zama malamin jami'a ko ka shiga manyan cibiyoyi irin EROS da ke Sioux Falls inda ake ajiye hotunan Landsat, to bi hanyar su Habu. Amma ka tambayi kanka tukuna, kar ka bi yarima a sha kiɗa don kawai abokinka ya dawo da labarin jirgi da otal.

Ɗan_Taswira:

Kai, Allah ya saka da alheri, wallahi da na tafi a kan REU ɗin nan kai tsaye. Malam Iro na ji maganarka, gaskiya niyyata in ci gaba zuwa digiri na biyu ne in Allah ya yarda, amma zan nemi irin naku ma kar in tashi a tutar babu. Anti Zainab, kin ce wanda ya zo da ɗan abin hannunsa, kamar me kenan zan iya yi daga yanzu zuwa Janairu? Kuma Yaya Habu ya ake tunkarar malamin, ni kunya nake ji in shiga ofishin mutum in ce a ba ni aiki, akwai wata farfesa da ke aiki a kan gobarar daji amma ko kwas ɗinta ban taɓa ɗauka ba.

Zainabu_S:

Ƙaramin abu ɗaya da ka gama ya fi manya biyar da ka fara. Ga misali, ɗauki tafkin Mead da ke tsakanin Nevada da Arizona, wanda a 2022 ruwansa ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun da aka cika shi a shekarun 1930. Hamada ce, gajimare kaɗan ne, ba za ka sha wahalar da muka sha ba. Buɗe Earth Engine, kyauta ne ga ɗalibai, jawo hoton bazara ɗaya na kowace shekara daga 2000 zuwa yanzu, ware ruwa daga tudu, abu ne mai sauƙi tunda ruwa na shanye hasken infared ya fito baƙi ƙirin, sai ka ƙirga fiksel ɗin ruwa ka ninka da 900, tunda kowanne mita 30 ne sau 30, ka samu faɗin tafkin a murabba'in mita. Jadawali ɗaya, taswira biyu, shafi ɗaya na bayani, ka ɗora a GitHub, shikenan.

Amma ga ramuka biyu da ke jiranka, kuma su ne ma za su sa malami ya san ka yi da kanka. Lambobin zango ba ɗaya ba ne tsakanin taurarin, a Landsat 5 da 7 ja shi ne na 3 infared na kusa na 4, a Landsat 8 da 9 kuwa ja ya koma na 4 infared na 5, idan ka bar kod ɗaya ya bi ta kansu duka za ka ga lambobi sun yi tsalle a 2013 ka ɗauka wani abu ne ya faru a ƙasa. Na biyu, Landsat 7 ya samu matsala a Mayun 2003, tun daga nan hotunansa ke fitowa da layi layi babu komai a ciki kamar tabarmar da ta zare, wajen kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto ya tafi, to a shekarun nan ka jingina da Landsat 5 har zuwa 2011.

Tunda farfesar taku gobara take yi, ka iya juya abin ya koma can, ka zaɓi wata babbar gobara a Kalifoniya, hoto ɗaya kafin ɗaya bayan, ka lissafa NBR, wato ma'aunin ƙuna, da zango na 5 da na 7 na Landsat 8, ka cire na bayan gobarar daga na kafin gobarar, zai nuna maka inda wuta ta fi ci. Da Sentinel-2 ma ana yi, shi wasu zangunansa mita 10 ne kuma duk kwana 5 yake dawowa. Darussan ARSET na NASA kyauta ne, akwai na gobara a ciki.

Habu_Geo:

Kunyar nan ajiye ta ƙanena, lokacin ganin ɗalibai da suke liƙawa a ƙofa don irin wannan aka yi shi. Ka karanta takardarta ɗaya ta kwanan nan ko da rabi ka gane, ka tura imel gajere, layi biyar ya isa, wane ne kai, abin da ka gani a aikinta da ya ja ka, ga ɗan abin da na gwada a liƙe, ko zan iya zuwa minti goma sha biyar. Kar ka tura wa malamai goma saƙo iri ɗaya, a sashe ɗaya suke shan shayi, suna gane wa. In ba ta amsa ba a sati ɗaya ka sake taɓawa ko ka je da ƙafarka. Kuma kar ka jira bazara, ka nemi farawa a Janairu ko da awa biyar a sati, domin wasiƙar shaida biyu za a nema a kusan duk inda za ka cike, kuma wasiƙar wanda ya ga aikinka daban take da ta wanda ya san lambar kujerarka kawai. Ka ba su aƙalla sati uku kafin ranar rufewa. In ta ce ba ta da kuɗi bana, tambaye ta ko za ta tsaya maka ka nemi tallafin binciken hutu na makaranta, da yawa malami ne ke sa hannu ɗalibi ya rubuta shafi biyu.

In kuma aikin waje ka samu irin na su Malam Iro, wannan sai da CPT, wato izinin aikin koyon sana'a lokacin karatu. Sai ka cika shekarar karatu ɗaya, wanda ka riga ka yi, aikin ya shafi fanninka, kuma ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ya buga maka izinin a kan I-20 ɗinka, takardar nan da makaranta ke ba mai bizar F-1, kafin ranar farko, ba bayan ka fara ba, ko kwana ɗaya ka yi ba izini ka taɓa bizarka. Wasu makarantun sai ka yi rajistar wani kwas a bazarar kafin su ba ka, kuma kwas ɗin kuɗi ne, to ka tambaya ka cire shi daga lissafin abin da za ka samu. Wata uku ba zai taɓa maka OPT ba, wato izinin aikin da akan yi bayan gama karatu, sai CPT na cikakken lokaci ya kai wata 12 yake cinye shi. Jamus kuma in ta faɗo, duba ranar ƙarewar bizar da ke fasfonka da sa hannun tafiya a I-20 tun kafin ka sayi tikiti, don dawowar ce ke ba mutane matsala ba tafiyar ba.